Waiwaye: Saɓanin Otodoks da Furotesta, daga wasiƙun Jamus zuwa ƙauyukan Habasha

A arewacin Najeriya, in aka ce Kiristoci sun kasu, abin da ke zuwa zuciya shi ne Katolika da Furotesta. Amma akwai gida na uku, na Otodoks, wanda shi ke da rinjaye a Rasha, Girka, Romaniya da Sabiya, shi ne kuma mafi yawan Kiristocin Masar da Habasha. Saɓanin wannan gida da Furotesta yana da wuyar kamawa saboda dalili ɗaya: lokacin da Martin Luther ya fitar da ƙorafe-ƙorafensa 95 a Wittenberg a 1517, da Fafaroma yake faɗa. Ikilisiyoyin Gabas sun daɗe da raba gari da Roma, ba su cikin rigimar, tambayoyin da suka hana Luther barci kuma ba su taɓa zama nasu ba.

Su kansu Otodoks ɗin iri biyu ne. Kibɗawan Masar, Habashawa, Armeniyawa da Suriyawa sun ware tun bayan taron Kalsidon na 451, kan yadda za a bayyana haɗuwar Allahntaka da mutuntaka a cikin Yesu. Girkawa da waɗanda suka karɓi bishara ta hannunsu kuwa sun ci gaba da zama da Roma har dangantaka ta tsinke, inda aka saba kafa 1054 a matsayin shekarar rabuwa. Cikin abin da ya raba su har da kalma ɗaya ta Latin, filioque, wadda aka ƙara a Shaidar Bangaskiya ta Nikiya. Asalin rubutun na 381 cewa ya yi Ruhu Mai Tsarki daga Uba yake fitowa. Yamma ta ƙara "da Ɗa", aka fara a Sifen, Roma ta karɓa a 1014. Furotesta sun gaji ƙarin nan yadda suka same shi, ba su taɓa shi ba.

Da fari 'yan gyara, wato Furotesta na farko, sun ɗauka sun sami abokan tafiya. A muhawarar Leipzig ta 1519, Luther ya kafa hujja da Girkawa: ga Kiristoci na haƙiƙa da ba su ƙarƙashin Fafaroma. A 1573 malaman jami'ar Tubingen ta Jamus, Jakob Andreae da Martin Crusius, suka fara aika wa Irmiya na Biyu, shugaban ikilisiyar Konstantinoful, wasiƙu, daga baya suka haɗa masa da fassarar Girkanci ta Shaidar Augsburg, wato takardar aƙidar Lutheran ta 1530. Ya amsa a 1576, ya bi ta babi-babi. Ya ƙi filioque. Ya ƙi a ce bangaskiya kaɗai ke baratar da mutum, wato mai da shi mai adalci a gaban Allah. Ya tsaya kan sakramenti bakwai, su kuwa biyu suka riƙe, baftisma da Jibin Ubangiji. Ya kare roƙon tsarkaka, addu'a domin matattu da rayuwar sufaye. Suka mayar da martani, ya sake amsawa a 1579. A wasiƙarsa ta uku, a 1581, ya roƙe su su daina rubuto masa kan aƙida, in za su rubuto to ya zama na zumunci.

Abin lura a wasiƙun nan shi ne salon hujja. 'Yan Tubingen su kawo aya, su ce ga ma'anarta a fili. Irmiya ya amsa da dogon zance daga Basil ko Yohanna Kirisostom, ya ce ga yadda iyayen ikilisiya suka karanta ta. Ga Furotesta, Littafi Mai Tsarki shi ne alƙali na ƙarshe, majalisa ko bishof na iya kuskure, a gyara su da Nassi. Ga Otodoks, Nassi a cikin ikilisiya aka haife shi, a cikin sujadarta ake karanta shi, don haka ba a cire shi a juya shi ya yi wa manyan majalisun ikilisiya na farko hukunci. Muddin ba a daidaita kan wanda ke da ikon fassara ba, tarin ayoyi ba ya kashe gardama, kuma har yau nan mahawarar ke maƙalewa. Ko adadin littattafan bai zo ɗaya ba: Furotesta na da 66, Girkawa da Rashawa sun bi tsohuwar fassarar Girkanci ta Tsohon Alkawari mai ƙarin littattafai, ikilisiyar Habasha kuwa 81 take ƙirgawa.

Maganar ceto ita ce ta biyu, kuma ta fi zurfi. Luther da Calvin, jagoran Furotesta a Geneva, sun taso cikin tunanin Augustine, ɗaya daga iyayen ikilisiyar Yamma: ɗan Adam mai laifi ne tun haihuwa, ba ya iya biyan bashinsa, Allah yana lissafa masa adalcin Almasihu kyauta ta wurin bangaskiya. Barata hukunci ne da aka riga aka yanke, tsarkakewa kuma 'ya'yanta ce da ke biyo baya. In aka gauraya su, a ganinsu, an koma sayen ceto da ayyuka. Gabas kuwa ta fi ganin abin da aka gada daga Adamu a matsayin mutuwa da lalacewar hali, ba laifinsa shi kansa ba. Ceto a wurinsu warkewa ce mai tsawo, mutum yana tarayya da halin Allah kamar yadda 2 Bitrus 1:4 ta faɗa, alherin Allah na aiki, mutum na ba da haɗin kai da azumi, addu'a, tuba da cin jibi. Shi ya sa tambayar da matashin mai bishara ke yi a bakin titi, "Ka sami ceto?", kan rikita ɗan Otodoks. Shi zai ce yana kan hanya, mai tambaya ya ji kamar ba shi da tabbaci, shi kuma ya ga mai tambayar ya cika baki.

Sau ɗaya aka kusa ganin aƙidar Calvin ta shiga ta ƙofar sama. A 1629 aka buga wata shaidar bangaskiya a Geneva da sunan Kirilus Lukaris, shugaban Konstantinoful, mai koyar da barata ta bangaskiya, zaɓen Allah tun fil'azal da sakramenti biyu. Siyasar jakadun Turai a fadar Daular Usmaniyya ta cinye shi, aka shaƙe shi a 1638 bisa umarnin Sarki Murad na Huɗu. Majalisar Urushalima ta 1672 ta yi watsi da koyarwar takardar ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarni na 19 maganar ta bar hannun malamai ta sauko kasuwa. 'Yan mishan Presbyterian na Amurka sun shiga Masar a 1854, kuma akasarin waɗanda suka bi su Kibɗawa ne, musamman wajen Asyut. Cocin Kibɗawa ta mayar da martani da makamin abokin hamayya: makarantun Lahadi da Habib Girgis ya tsara, wa'azi da Larabci, karatun Nassi ga talakawa.

Habasha ce inda abin ya fi fitowa fili, kuma akwai zaren da ya haɗa ta da Najeriya. Ƙungiyar SIM, wadda aikinta ya haifi ECWA, ta shiga Habasha a 1927, daga aikinta cocin Kale Heywet ta fito. Mekane Yesus ta Lutheran ta tsaya da ƙafarta a 1959. Dokar Sarki Haile Selassie ta 1944 ta raba ƙasar gida biyu, yankunan Otodoks da aka hana 'yan mishan jan mabiya, da yankunan da aka buɗe musu. Wannan ne ya sa ƙarfin Furotesta ya taru a kudu da yamma, cikin ƙabilun da suka ga tsohuwar cocin a matsayin ta masu mulki, mai sujada da harshen Gi'iz da ba sa ji. Gwamnatin soja ta Derg ba ta bar kowa ba: a 1979 ta kashe shugaban Otodoks Abuna Tewofilos, ta kashe Gudina Tumsa, babban sakataren Mekane Yesus. Ƙidayar 1994 ta ba Otodoks kusan kashi 50 cikin ɗari, Furotesta kashi 10. Ta 2007 ta nuna 43.5 da 18.6. Firaminista Abiy Ahmed kansa ɗan Fentikos ne.

A ƙauye ba wanda ke jayayya kan filioque. Abin jayayya azumin Laraba da Juma'a ne, da babban azumi na kwana 55 kafin Ista, ba nama ba madara, wanda ɗan gidan da ya koma "Fente", sunan da ake kiran Furotesta da shi a Habasha, ya daina yi. Roƙon Maryamu ne, wanda ɗaya ke gani neman addu'ar uwa, ɗaya ke gani ƙetare matsakanci ɗaya tilo na 1 Timoti 2:5. Hotunan tsarkaka ne, da majalisar Nikiya ta biyu ta halatta girmamawa a 787, ta bambanta shi da sujada, bambancin da Furotesta da yawa ba su gamsu da shi ba. Baftisma ce ta fi zafi. Otodoks na Habasha suna yi wa namiji a kwana 40, mace a kwana 80, a shafa masa mai, a ba shi jibi tun yana jariri. In ya girma wata coci ta sake nutsar da shi, abin da iyayensa ke ji shi ne an ce su ba Kiristoci ba ne. Daga nan rigima ke kaiwa ga aure da maƙabarta.

Zaman teburi dai bai tsaya ba. Wasu ikilisiyoyin Otodoks na cikin waɗanda suka kafa Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya a 1948, ta Rasha ta shiga a 1961, amma Jojiya ta fice a 1997, Bulgariya a 1998, kuma naɗa mata limanci ya ƙara tazara. Akwai masu tafiya ta ɗaya ɓangaren ma: a 1987 'yan bishara kimanin 2,000 a Amurka, ƙarƙashin Peter Gillquist, suka shiga cocin Otodoks ta Antakiya, suna neman sujada mai tushe. A 2024 Tarayyar Lutheran ta Duniya da wakilan Otodoks suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ke ba da shawarar a riƙa karanta Shaidar Nikiya ba tare da filioque ba. Kan ikon fassara Nassi, limanci da cin jibi tare kuwa, ba a cimma matsaya ba, kuma ɗan Furotesta da ya shiga sujadar Otodoks ba a ba shi jibi.