Waiwaye: murfin akwatin wuta, daga Ingila zuwa Agege

Kwanan baya, a wani shagon niƙa da ke Agege, na tarar da akwatin rarraba wuta a buɗe, murfinsa jingine da bango. Wuta ta yi ƙasa, sai yaron shago ya miƙa hannu ya zare fis ya mayar a wani layin. Tazarar yatsunsa da jan ƙarfen da ke ɗauke da kusan bolt 400 ba ta kai taƙi ba. Gabana ya faɗi, shi kuwa ko a jikinsa.

Haka allunan wuta suke a farkon zamanin lantarki: makunnai masu kama da wuƙa a kafe jikin dutse, komai tsirara, tsaron ma'aikaci kawai ya kula da hannunsa. Ƙa'idojin jan waya na farko da injiniyoyin Ingila suka fitar a 1882 ma, gobara ce damuwarsu. Legas ta samu lantarki a 1896, kuma tsarin Ingila muka gada.

Sannu a hankali aka gane cewa dogaro da taka-tsantsan ɗin mutum bai isa ba, domin mutum na gajiya, yana sauri, yana mantuwa. Hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki na duniya, wadda aka kafa a 1906, ta fitar da ma'aunin IP, mai nuna yadda akwati ke hana hannu, ƙura ko ruwa shiga cikinsa, a 1976. Matakin IP2X shi ya fi shafar wannan batu. Akwai yatsan gwaji na ƙarfe mai gaɓoɓi kamar na mutum, kaurinsa milimita 12, tsawonsa 80. Ana cusa shi ta kowace kafa ta akwatin. In ya taɓa wurin da wuta take, akwatin bai ci jarrabawa ba. Ƙa'idojin jan waya kuma sun ce kada murfi ya buɗu sai da makulli ko kayan aiki, ko bayan an kashe wuta.

A nan gida hukumomin wutar lantarki sun yi ta sauya suna: NEPA a 1972, PHCN a 2005, sai sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013. Wata doka ta 2015 ta ɗora wa hukumar NEMSA duba aikin wuta kafin a jona shi, hukumar SON kuma na kula da ingancin kaya.

Amma abin da ke cire murfi a unguwanninmu rashin tsayayyar wuta ne. Wanda zai canza layi sau huɗu a yini, ya koma janareta, ya dawo, ba zai yi ta ɗaure kusoshi ba. Ga kuma akwatuna masu araha da ba su da rufin ciki ko toshiyar gurabun da ba a sa komai ba. A ganina kuɗin makunnin sauya layi mai rufaffen jiki bai kai a yi ciniki da rai a kansa ba.

Na ce wa mai shagon, “Alhaji, yaron nan fa da jiƙaƙƙen hannu yake taɓa abin nan.” Ya yi shiru, sannan ya aika a kira mai gyaran wuta daga bakin kasuwa.