Linzami, sitiyarin jirgi da babban yatsa: yadda Turanci ke nuna wa ke da iko

Me ya sa maganar mulki a Turanci ba ta rabuwa da doki da jirgin ruwa?

Domin da su Turawa suka yi rayuwa. Kalmar "govern", wadda daga danginta muka aro gwamna da gwamnati, tushenta Girkanci ne, "kybernan", wato tuƙa jirgin ruwa. Shi ya sa har yau in aka ce wani yana "at the helm", ana nufin sitiyari na hannunsa, ko da jirgin nan banki ne ko jami'a. "Manage" kuwa daga Italiyanci ta zo, kuma asalin ma'anarta sarrafa doki da hannu. Haka "hold the reins", riƙe linzami ke nan. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe, tunda shi ma ragamar mulki yake cewa, ko ya ce wane ya juya akalar jam'iyya. Teku ne kawai bai zo ƙofar gidanmu ba, sai muka tsaya ga doki da raƙumi.

Da bambanci tsakanin "in charge of" da "in the charge of"?

Ƙwarai kuwa, kuma 'yar kalmar "the" ce ke juya zancen. Wanda yake "in charge of" fursunoni, shi ne mai tsaronsu. Wanda yake "in the charge of" 'yan sanda, shi ne a hannu.

Duk yabo ne?

Ina! "Call the shots" ba yabo ba fallasa, kamar dai a ce shi ke da wuƙa da nama. Amma in jaridar Ingila ta ce minista yana "under the thumb" na wani attajiri, wato ƙarƙashin babban yatsansa, ta ce masa ɗan amshin shata ne a fakaice. "Pull the strings" ta fi ciwo: daga wasan 'yar tsana aka ɗauko ta, inda mai jan zare yake ɓoye, 'yan kallo ba sa ganinsa. Ta ɗaukar nauyi kuma ita ce "the buck stops here", wadda Shugaban Amurka Harry Truman, da ya yi mulki daga 1945 zuwa 1953, ya ajiye a kan teburinsa. Manufarta, laifi ba zai wuce kaina ya faɗa kan wani ba.

To me ya sa takardun ofis suke ba da umarni cikin ladabi?

Gadon aikin gwamnati ne irin na Ingila, kuma a ganina nan ne ikon ya fi kaifi. Dubi takardar da ta fara da "I am directed to inform you". Mai sa hannu yana cewa umartarsa aka yi, amma bai faɗi wa ya umarce shi ba. Ka je ofis da fushinka, ka tarar da akawu yana buɗe hannu, ya ce shi ma daga sama aka ce. In mai gida ya rubuta a gefen fayil "you may wish to", wato in ka ga dama, ƙaramin ma'aikacin da ya ɗauka shawara ce kawai, ya kusa ganin takardar tuhuma.

Sojoji ba su damu da wannan kara ba. Da Janar Murtala Muhammad ya hau mulki a 1975, aka sallami dubban ma'aikata, sanarwa bayan sanarwa na fita a rediyo ɗauke da kalmomi uku, "with immediate effect", wato nan take. Mutum ya fita aiki da safe yana darakta, kafin azahar an karɓi makullin ofis.