Ruwan da ke fita ta bututun gidanka: wanne doka ta yarda ya shiga kwata?

Yawancin rigimar maƙwabta a kan ruwa a lungunan Bauchi, daga Jahun zuwa Bakaro, da magana ɗaya take farawa: "Wannan ruwan gidanka ne." Mai gida kuma ya ce ruwan sama ne kawai, ko ya ce tankinsa ne ya cika ya tumbatsa. Doka ba ta hana kowa fitar da bututu ta bangon gidansa ba. Abin da take dubawa shi ne wane irin ruwa ke fita ta cikinsa, da kuma inda yake zuwa.

A matakin tarayya akwai NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, wadda aka kafa a 2007, da ƙa'idojin tsaftar muhalli da kula da shara na 2009. Waɗannan ƙa'idoji sun ɗora wa mai gida alhakin samar da magudanar ruwa, da kwashe ramin masai idan ya cika, sun kuma hana a juya ƙazantar bayan gida zuwa kwata ko kan titi. A jiha, BASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi, ce ke riƙe da harkar. Tsarin mulki na 1999 kuma ya sanya kula da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi, shi ya sa duba-garin ƙaramar hukuma ke da hurumin ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Ruwan sama ba shi da laifi. Wanda ya sauko daga kwano ta indararo, ko ya taru a tsakar gida ya fita ta rariya, hanyarsa ke nan zuwa kwata, muddin ba ka saita shi a kan katangar maƙwabcinka ba. Na bayan gida kuwa babu ko tantama, ba ya fita waje. Inda ake cacar baki shi ne na tsakiya: ruwan wanka, wanki da wanke-wanke. Mutane da yawa suna ganin ai kumfa ce kawai. Amma a gidajenmu wurin wanka nan ne ake fitsari, nan ake wanke kashin jarirai, ruwan wanke-wanke kuma yana ɗauke da maiƙo da guntun tuwo. Da zarar ya kwanta a lungu yana wari yana tara sauro, ya zama abin da dokar lafiyar jama'a ke ɗauka cutar da jama'a ne. Wurinsa sokawe ne a cikin gida.

Kafin a kira kowa, a fara gane tushen ruwan, don kowane iri yana da alamarsa. Lokaci ne shaida ta farko. Bututun da ke zuba a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ya bushe ƙayau a watan Maris, na ruwan sama ne. Wanda ke kwarara da asuba da kuma bayan magariba, ya yi shiru da rana, wanka ne. Wanda sai an kawo wuta ko an tada janareta yake ɓarkewa da ruwa garai-garai, tanki ne ya cika ba a kashe injin burtsatse ba. Siririn tiyo mai ɗiga ɗis-ɗis lokacin zafi na na'urar sanyaya ɗaki ne.

Sai a sunkuya a dubi bakin bututun. Ruwan wanka yakan bar farin danƙo-danƙo na sabulu da gashi a manne. Na kicin yana barin maiƙo, za ka ga ƙudaje da ƙwayoyin shinkafa. Baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai daga sokawe yake ko ramin masai da ya cika. Idan kuwa ruwan fes yake, ba wari, ga koriyar gansakuka ta kama bango, kuma dare da rana bai tsayawa, to bututun famfo ne ya fashe a ƙasa. Nan akwai abin lura: idan a cikin gida ya fashe, gyaran mai gida ne; idan babban bututun da ke kawo ruwan madatsar Gubi ne a bakin titi, hukumar ruwa za a sanar.

In gardama ta ƙi ƙarewa, bula ta wanki tana raba ta. A kaɗa ta a bokiti, a zuba a wurin wanka, wani ya tsaya a waje yana kallo. In ruwa ya washe, a gwada kicin. Fulamba ma abin da zai yi ke nan, sai dai shi za ka biya shi.

Duba-gari ba ya fara da tara. A ƙa'ida, takardar gargaɗi yake bayarwa, wadda ta faɗi laifin da wa'adin gyarawa. Sai an yi kunnen uwar shegu da ita ake zuwa kotu. A gidan haya, abin da ya shafi gini, kamar rashin sokawe ko fasasshen rami, na mai gida ne, amma ɗan hayar da ke watsa ruwan wanki a titi shi zai amsa nasa. A ganina an fi samun maslaha idan aka fara da mai unguwa, domin shi ya san wanda ya riga wani gini a lungun. Kotunan shari'ar Musulunci ma suna sauraron irin wannan ƙara, bisa ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa.

Mai niyyar haƙa sokawe ya tuna da rijiya, tasa da ta maƙwabci. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar tazarar mita 30, abin da ke da wuya a samu a matsattsun gidajen cikin gari. Bauchi na cikin jihohin da amai da gudawa ya fi yi wa ɓarna a 2021. Inda filin bai kai ba, a nemi duba-gari ya zo ya nuna wurin da ya fi dacewa kafin a sa diga.