Waiwaye: Yadda lissafin tsaka-tsaki ya shiga aikin kare sirrin jama'a

A shekarar 1965 ne Lotfi Zadeh, malami a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, ya fito da lissafin tsaka-tsaki, wanda masana ke kira fozi lojik. A wannan tsari ba dole ne amsa ta zama "e" ko "a'a" ba, ana iya ba abu daraja tsakanin 0 da 1, ta yadda mai shekara 38 zai shiga sahun matasa da wani gwargwado, ya kuma shiga sahun dattawa da wani gwargwadon. Injiniyoyi ne suka daɗe suna cin moriyarsa, kamar a jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Sendai a Japan, wanda ya fara aiki a 1987.

Haƙar bayanai, wato tona tarin bayanai da kwamfuta don gano abin da ke ɓoye a cikinsu, ita ce ta jawo shi fagen sirri. Da asibitoci da bankuna suka fara tara bayanan miliyoyin mutane a kwamfuta, an ɗauka cewa goge suna ya wadatar kafin a miƙa su ga masu bincike. A 1997 Latanya Sweeney ta rushe wannan zato, inda ta haɗa bayanan jinyar ma'aikatan jihar Massachusetts da rajistar masu zaɓe, ta gano fayil ɗin Gwamna William Weld ta ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa kawai. A 2000 Rakesh Agrawal da Ramakrishnan Srikant na kamfanin IBM suka ba da shawarar a cakuɗa alƙaluman gaskiya da na bogi, amma a 2003 Hillol Kargupta da abokan aikinsa suka nuna cewa sau da yawa ana iya tace bogin a dawo da na asali.

Daga baya wasu masu bincike suka jarraba dabarar Zadeh. Maimakon a saki ainihin shekarun majinyaci ko albashin ma'aikaci, sai a saki darajarsa a rukuni irin su "ƙanƙani" da "matsakaici" da "mai yawa". Alfanun hakan a fili yake, domin kusancin da ke tsakanin mutane bai ɓace ba, saboda haka manhajar da ke rarraba su rukuni-rukuni tana ba da sakamako mai kama da na asali.

Sai dai a nan ne raunin yake, kuma bai kamata a raina shi ba idan bayanan marasa lafiya ake magana. Duk wanda ya san ƙa'idar da aka bi wajen sauya lambobin, ko ya san ainihin bayanan mutane kaɗan a ciki, yana iya juya lissafin baya. Dabarar ba ta zo da tabbacin lissafi irin wanda Cynthia Dwork da abokan aikinta suka kawo a 2006 ba, wanda ke ƙayyade iyakar abin da za a iya sani game da mutum guda. Wannan hanya ta biyu ce hukumar ƙidayar Amurka ta zaɓa a ƙidayar 2020.