Wa Ke Cin Ribar Yaƙi? Tambayoyi da Amsoshi kan Ƴan Kwangilar Soja da Yaƙe-yaƙen Amurka a Ƙetare

A ranar 17 ga Janairun 1961, saura kwana uku ya sauka daga mulki, shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yi wa al'ummarsa jawabin bankwana, inda ya ja kunnensu kan ƙawancen da ya ƙullu tsakanin rundunar soja da masana'antun ƙera makamai, yana mai gargaɗin cewa ƙawancen zai iya samun ƙarfin faɗa-a-ji da bai cancance shi ba a harkokin gwamnati. Mai wannan magana janar ne mai tauraro biyar da ya jagoranci dakarun ƙawance a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don haka babu mai iya cewa tsoron yaƙi ne ya sa shi faɗa. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan sun sake tayar da zancen.

Su wane ne ake kira ƴan kwangilar soja?

Da an ambaci sunan, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne ƙato sanye da baƙin tabarau, rataye da bindiga, yana gadin jakada a Bagadaza. Akwai irinsa, amma shi ne mafi ƙanƙanta a lissafi. Manyan masu cin gajiyar su ne kamfanonin ƙera makamai, musamman biyar ɗin da suka mamaye kasuwar Amurka: Lockheed Martin da RTX, wanda a da ake kira Raytheon, da Boeing da General Dynamics da Northrop Grumman. A farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin da ma'aikatar tsaro ta Pentagon ke ba wa kwangila kai tsaye sun kai 51, sai suka yi ta haɗiye juna da amincewar gwamnati har suka koma biyar. Bayansu akwai kamfanonin hidima, masu dafa wa sojoji abinci da dakon mai da gina sansani da gyaran jirage da tafinta. Yawancin leburorinsu ba Amurkawa ba ne. Daga Nepal da Filifin da Yuganda da makamantansu ake ɗebo su kan albashi kaɗan.

Me zai sa ƙasar da ta fi kowa ƙarfin soja ta dogara da kamfanoni?

Dalilin da hukuma ke bayarwa shi ne sauƙi. Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja tun 1973, ta kuma rage yawan dakarunta bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, saboda haka da yaƙi biyu suka zo a lokaci guda sai ta ga ya fi mata arha ta ɗauki ɗan kwangila na shekara biyu ta sallame shi, da ta horar da sojan da za ta biya fansho da kuɗin magani har ƙarshen rayuwarsa.

Masu suka suna ganin akwai wani dalilin da ba a son faɗa, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. A ƙasar da ake zaɓe, abin da ke taka wa shugaba birki a yaƙi shi ne gawawwakin da ake dawowa da su gida, da iyayen da ke tambayar me ya sa ɗansu ya mutu. Ɗan kwangila ba ya cikin wannan lissafi. Idan ya mutu ba a lulluɓe akwatinsa da tuta a gaban ƴan jarida, ba a kuma saka shi cikin adadin da gwamnati ke sanarwa. Cibiyar nazarin asarar yaƙi ta Jami'ar Brown ta ƙiyasta cewa a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin 11 ga Satumban 2001 an kashe sojojin Amurka kimanin 7,000, yayin da ƴan kwangilar da suka mutu suka kai kimanin 8,000, amma adadi na farko kaɗai akasarin Amurkawa suka taɓa ji. Haka nan a 2016, lokacin da gwamnatin Obama ta ƙayyade sojojinta a Afganistan zuwa 9,800, ƴan kwangilar Pentagon da ke ƙasar sun ninka wannan adadi fiye da sau biyu. Da haka shugaba zai iya tsayawa ya ce ya rage dakaru, ba tare da ya yi ƙarya ba, alhali yaƙin yana nan yadda yake.

Ana yawan zancen almubazzaranci. Yaya kuɗin ke zurarewa?

Binciken cibiyar ta Brown ya nuna cewa daga 2001 zuwa 2020 Pentagon ta kashe sama da dala tiriliyan 14, kuma tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin wannan kuɗi aljihun ƴan kwangila ya shiga. Matsalar ta fara ne daga irin yarjejeniyar da ake yi a lokacin gaggawa, wadda a ƙarƙashinta gwamnati ke mayar wa kamfani duk abin da ya kashe, sannan ta ɗora masa lada gwargwadon girman aikin. Wanda aka yi wa irin wannan alkawari ba shi da dalilin tsimi, tunda asara ba za ta taɓa hawa kansa ba. Da irinta ne kamfanin KBR, wanda a lokacin reshen kamfanin hidimar haƙar mai na Halliburton ne, ya riƙe hidimar sansanonin Amurka a Iraƙi, sannan a 2003 aka ba shi aikin gyara harkar man ƙasar ba tare da an yi takara ba. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dick Cheney, shi ne ya shugabanci Halliburton daga 1995 zuwa 2000. Ba a tabbatar a kotu cewa shi ya ba da umarnin kwangilar ba, sai dai jama'a sun ce biri ya yi kama da mutum.

A 2011 hukumar da majalisar dokokin Amurka ta kafa don bin diddigin kwangilolin yaƙi ta ba da rahoton cewa tsakanin dala biliyan 31 zuwa 60 sun salwanta a Iraƙi da Afganistan ta hanyar almubazzaranci da zamba. Irin wannan adadi ya fi ƙarfin tunani, shi ya sa labarin jiragen G222 ya fi shiga kai. Amurka ta kashe dala miliyan 486 ta saya wa sojan saman Afganistan tsofaffin jiragen dakon kaya guda 20 ƙirar Italiya. Jiragen suka riƙa lalacewa, kayan gyara suka gagara, aka jibge 16 daga cikinsu a gefen filin jirgin Kabul ciyawa na tsirowa a ƙarƙashinsu, har a 2014 aka sassare su aka sayar wa wani kamfanin gine-gine a matsayin tsofaffin ƙarafa, dukkansu a kan dala 32,000. Ita kanta Pentagon, tun da aka fara cikakken binciken asusunta a 2018, ta yi ta faɗuwa shekara bayan shekara, domin ta kasa nuna inda dukiyarta mai yawa take.

Idan ɗan kwangila ya kashe farar hula, wa ke hukunta shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙona wa Iraƙawa rai. A 2004 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya mulki Iraƙi bayan mamaya, ya sa hannu kan Doka ta 17, wadda ta hana kotunan Iraƙi tuhumar ƴan kwangilar ƙetare kan abin da suka aikata a bakin aiki. Su ba sojoji ba ne da kotun soja za ta yi saurin kama su, dokar da ta ba kotunan Amurka ikon shari'arsu kuma an rubuta ta ne da ma'aikatan Pentagon a zuciya, ga shi wasunsu ma'aikatar harkokin waje suke wa aiki.

Ranar 16 ga Satumban 2007, da tsakar rana, ayarin motoci huɗu na Blackwater, wani kamfanin gadi na Amurka, ya shiga shataletalen Nisur a Bagadaza ya tare hanya, masu gadin suka buɗe wuta kan motocin da cunkoso ya riƙe. Aka kashe fararen hula 17, cikinsu har da yaro ɗan shekara tara da ke zaune a bayan motar mahaifinsa. Kamfanin ya ce an fara harbin mutanensa ne, amma binciken hukumar FBI ya gano cewa aƙalla 14 daga cikin kashe-kashen ba su da wata hujja. Sai a 2014 wata kotu a Washington ta samu huɗu daga cikin masu gadin da laifi, bayan shaidu da dama sun taso daga Iraƙi sun ba da shaida, sannan a Disamban 2020 shugaba Trump ya yi wa dukkansu afuwa. Kamfanin kuwa suna ya sauya, ya koma Xe a 2009, ya koma Academi a 2011, ya ci gaba da samun kwangila. A ɓangaren azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi ma, ƙananan sojoji aka ɗaure tun da wuri, amma sai a Nuwamban 2024, shekara ashirin bayan fitar hotunan azabtarwar, masu taimaka wa alƙali a jihar Virginia suka umarci kamfanin CACI, wanda ya samar da masu yi wa fursunoni tambayoyi, ya biya Iraƙawa uku diyyar dala miliyan 42.

To, kamfanonin ne ke haddasa yaƙi don su sayar da haja?

A nan ya kamata a yi hattara, domin wasu masu sukar suna wuce gona da iri. Tsakanin 1934 da 1936 kwamitin Sanata Gerald Nye ya binciki wannan zargi game da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya bankaɗo ƙazamar riba da cin hanci a cinikin makamai, amma bai tabbatar da cewa kamfanoni ne suka jefa Amurka cikin yaƙin ba. Mamayar Iraƙi ta 2003 ma ƴan siyasa ne suka yanke shawararta, bisa da'awar makaman ƙare-dangi da ba a taɓa samu ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Abin da hujja ta fi tsayawa a kai shi ne cewa kamfanonin suna sa yaƙi ya yi sauƙin farawa, ya yi wuyar tsayawa. Suna kashe miliyoyin daloli duk shekara wajen kamun ƙafa a majalisa da tallafa wa ƴan takara na jam'iyyun biyu. Suna kuma rarraba aiki da gangan: sassan jirgin yaƙi na F-35, wanda a 2023 ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ce zai lashe sama da dala tiriliyan 1.7 a tsawon rayuwarsa, ana ƙera su a sama da jihohi 40, ta yadda duk sanatan da ya nemi a rage shi ya taɓa abincin mutanen mazaɓarsa. Sai kuma shige da ficen manya tsakanin ofis da kamfani. James Mattis daga hukumar daraktocin General Dynamics ya zama sakataren tsaro, Mark Esper babban mai kamun ƙafa ne na Raytheon kafin ya hau kujerar, Lloyd Austin shi ma daga hukumar daraktocin Raytheon ya fito. Ofishin binciken ya ƙirga tsofaffin manyan jami'ai da jami'an sayayya na Pentagon sama da 1,700 da ke aiki da manyan kamfanoni 14 a 2019. Ba sai an ba kowa toshiyar baki ba. Janar ɗin da ya san inda zai je bayan ritaya ya san kamfanin da ba zai ɓata wa rai ba.

Yaman ta nuna yadda abin ke aiki. A Agustan 2018 jirgin ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta ya jefa bam kan motar ƴan makaranta a garin Dahyan, yara 40 suka mutu, kuma ɓaraguzan da aka tsinta sun nuna bam ɗin ƙirar Amurka ne. A 2019 majalisun dokokin Amurka biyu suka amince da a janye hannun ƙasar daga yaƙin na Yaman, suka kuma nemi dakatar da wasu cinikin makamai, amma Trump ya hau kujerar naƙi, shi da ya sha faɗa a fili cewa ba ya son Amurka ta yi asarar cinikin Saudiyya da ayyukan yin da ke tattare da shi.

Me masu kare tsarin ke cewa?

Suna cewa duniya ba ta da tabbas, kuma ƙasar da ta bar masana'antar makamanta ta mutu za ta yi kuka ranar buƙata, kamar yadda ƙasashen Yamma suka rasa isassun harsasan atilare da za su ba Yukiren bayan 2022. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kasafin soja mafi girma a duniya, wanda ya haura dala biliyan 900 a 2023, shi ne ya kasa samar da waɗannan harsasai, domin riba ta fi yawa a manyan jirage masu tsada. Afganistan kuma ta nuna haɗarin dogaro: an gina wa ƙasar sojan saman da ba ya iya tashi sai da makanikan kamfanoni, da aka janye su a 2021 jirage da yawa suka zauna a ƙasa, Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta.

Amurka kaɗai ke da wannan cuta?

A'a. Kamfanin Wagner na Rasha ya yi yaƙi a Siriya da Libiya da Afirka ta Tsakiya da Mali da Yukiren, Moscow kuwa ta shafe shekaru tana musanta alaƙa da shi, har shugabansa Yevgeny Prigozhin ya juya bindiga ya doshi babban birnin a Yunin 2023. An fi ambaton Amurka ne saboda ita ke fitar da sama da kashi 40 cikin ɗari na manyan makaman da ake sayarwa tsakanin ƙasashe, kuma takardunta sun fi na kowa fitowa fili.

Babu dokar da za ta iya taka musu birki?

Akwai, amma ba ta da haƙora. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 da ta haramta sojojin haya, Amurka da Birtaniya da Rasha duk ba su shiga ba, ma'anar sojan haya a dokar yaƙi kuma ta yi ƙunci har kusan babu kamfanin da za ta kama. Takardar Montreux ta 2008, wadda Suwizalan da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka jagoranta, shawarwari ne da ba sa ɗaure kowa.

Shi ya sa da yawa daga masu sukar suka mayar da hankali kan majalisar Amurka, wadda tsarin mulki ya ba ikon ayyana yaƙi, amma rabonta da yin hakan a hukumance tun 1942. Suna neman a tsawaita lokacin da jami'i zai jira kafin ya karɓi aiki a kamfanin makamai, a riƙa sanar da adadin ƴan kwangilar da suka mutu tare da na sojoji, a kuma soke izinin amfani da ƙarfin soja da majalisa ta bayar ranar 14 ga Satumban 2001. Wannan izini an rubuta shi ne don waɗanda suka kai harin 11 ga Satumba da masu ba su mafaka, kuma a majalisar wakilai ya wuce da ƙuri'a 420, mace ɗaya tak, Barbara Lee, ta ƙi amincewa saboda ta ga ba shi da iyaka ta wuri ko ta lokaci. Bush da Obama da Trump da Biden duk sun dogara da shi wajen kai hare-hare daga Afganistan zuwa Yaman da Somaliya da Siriya, har a kan ƙungiyoyin da ba a kafa su ba a ranar da aka jefa ƙuri'ar.