Motar da aka ajiye ba ita ce mai lafiya ba

Mutane da yawa sun ɗauka in tsohuwar Ferrari ba ta ci kilomita ba to sabuwa ce fil, wai ai a gareji take a lulluɓe. Ina! Zaman nan shi ke cinye ta. Roba ba ruwanta da ko an hau mota ko ba a hau ba, shekaru take ƙirgawa, tiyo ya bushe ya tsage, mai ya fara ɗiga a ƙasa, man birki ya sha ruwa, fetur ya lalace a tanki, taya kuma gefen da ya daɗe a ƙasa ya baje.

Ɗauki Ferrari samfurin F355 da aka ƙera daga 1994 zuwa 1999. Bel ɗin taimin ɗinta, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin a cikin injin, dole a canza shi duk bayan 'yan shekaru ko da ba ta motsa ba, kuma yawanci sai an sauke injin gaba ɗaya kafin makanike ya kai hannu, in ko bel ɗin ya tsinke injin na aiki to bawul da fistin ne za su gwabza, kuɗin gyaran sai dai Allah ya kiyaye. Sai a samfurin 360 Modena aka samu sauƙi, ta bayan kujeru ake shiga a kai ga bel ɗin.

Ni dai in zan saya, takardun sabis zan fara tambaya kafin na leƙa mitar kilomita.