Birkin waya a tsofaffin motoci: yadda ake cirewa da kulawa da shi

Wane irin birki ne wannan?

Birki ne da babu mai a cikinsa. Idan direba ya taka, wayoyin ƙarfe ne ke kai ƙarfin ƙafarsa zuwa kowace taya, su ja wani ɗan hannu, shi kuma ya buɗe takalman birki su manne a jikin durom, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Austin Seven da aka ƙera daga 1922 zuwa 1939 da shi take aiki, haka Bugatti Type 35, da Ford na 1937 da 1938 kafin kamfanin ya koma birkin mai a 1939. Volkswagen Beetle samfurin Standard ta riƙe shi har 1962.

Birki ya yi sanyi, ba ya kamawa. Wayar ce ta miƙe?

Da wuya. Mutane da yawa suna garzayawa su ɗaure notin waya, kuma nan ne ake ɓata aikin. Sau tari lainin takalmi (shimfiɗar da ke goga durom) ne ya cinye, ko wayar ta cije a cikin kubenta saboda tsatsa da busasshen giris, ko kuma fil-fil ɗin mahaɗai sun lashe. Lasar milimita ɗaya a mahaɗi ɗaya ba ta da yawa a ido, amma idan mahaɗai biyar suka haɗu, tafiyar feda mai yawa za ta ƙare kafin takalmi ya taɓa durom.

Dubi ɗan hannun da waya ke ja. Idan an taka birki sosai, ya kamata ya kusa yin kusurwar digiri 90 da wayar, kada ya wuce. Wanda ya yi ta ɗaure waya don ya rufe cin laini, tura hannun yake yi ya zarce wannan wuri, ƙarfin ja ya ragu duk da feda ta yi tauri.

Yaya ake cire wayar?

A sa wa taya waiji, a ɗaga motar a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, kada a shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. A sauke birkin hannu. Kafin a taɓa sifana, a ɗauki hoton yadda wayar ta bi, a auna tsawon zaren da ya fito bayan noti a rubuta, a liƙa wa kowace waya alama, don ta gaba da ta baya ba tsayinsu ɗaya ba. A zuba man sassauta tsatsa a kan notoci ya kwana.

Washegari a sassauta notin saiti har wayar ta saki, a zare ɗan fil mai baki biyu da filaya, a tura babban fil waje, sannan a kwance maƙalan da ke riƙe kube a jikin shasi. Inda waya ta bi ta cikin bututu, kamar a Beetle, a ɗaura igiya a bakinta kafin a ja, igiyar ta zauna a ciki don janyo sabuwa. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, saboda a samu abin dubawa.

Idan an buɗe durom, kada a hura ƙurar da iska. Tsohon laini yakan ƙunshi asbestos mai illa ga huhu. Jiƙaƙƙen tsumma da takunkumi ake amfani da su.

A wanke ta ko a sauya?

A lanƙwasa ta a hankali cikin haske. Ko sili ɗaya aka ga ya tsinke, ko ta yi gwiwa, ko kube ya tsage, ta gama aiki, kuma ba a yi mata walda. A sauya ta hagu da ta dama duka biyu. Idan lafiyarta ƙalau, a wanke da kananzir, a rataye ta bushe, a shafa giris har ta riƙa zamewa da yatsu biyu. Wayar da ke da nonon giris (ɗan bakin da ake ɗura giris) a jikin kube, matsa biyu ko uku ya isa. In ya yi yawa sai ya zarce cikin durom ya jiƙa laini. Sabbin wayoyi masu rufin roba a ciki ba sa son giris irin wannan.

Yaya ake saiti motar ta daina ja gefe?

Takalmi tukuna, waya daga baya. A matso da takalman kowace taya har su kama, a ja baya kaɗan har taya ta juya ba gogayya. Sannan a haɗa wayoyi da sababbin fil, ƙafafun ƙarfen suna ƙarƙashin aksul yadda nauyin mota zai zauna a kansa, domin in aksul na reto tsawon waya yana canzawa. A tokare feda da katako a rabin tafiya, a zagaya ana juya kowace taya da hannu; nauyin hagu da dama ya zo ɗaya.

A gwada a hanya marar cunkoso a gudun kilomita 30. Gefen da mota ta ja shi ne ya riga kamawa. Bayan ɗan tafiya ba tare da taka birki ba, a kai hannu kusa da kowane durom: wanda ya yi zafi yana gogawa, a sassauta shi. Sabuwar waya takan zauna bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, sai a sake duba saitin.